Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malaman Injiniyancin Sinadarai: Ku Fitar da Yaranmu Daga Kwalba Zuwa Tanki

Zuwa ga shugabanni da dattawan Ƙungiyar Injiniyoyin Sinadarai ta Nijeriya, da shugabannin sassan wannan fanni a jami'o'i da kwalejojin fasaha na Arewa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, ina rubuto muku ne a matsayin ɗaya daga cikin waɗanda kuka yaye. Na daɗe da barin aji. Yanzu abincina yana wata ƙaramar masana'antar sabulu da matsar man gyaɗa a Kano, kuma kusan kowace shekara kuna turo mini ɗalibanku su yi SIWES, wato zaman koyon aiki a masana'anta. Yaran suna da kai, wasunsu lissafinsu ya fi nawa nesa ba kusa ba. Kokena shi ne kuna sakin su ba tare da kun ba su labarin yadda sana'arsu ta samo asali ba. Da sun san labarin, da sun gane cewa aikin da aka kafa wannan fanni dominsa shi ne ainihin wanda muke tsallakewa: ɗauko abin da ya yi kyau a kwalbar gwaji a kai shi tanki, ya fito kullum iri ɗaya, a farashin da mutum zai iya saye, ba tare da ya kashe ma'aikaci ko maƙwabci ba.

Ku yi mini haƙuri in maimaita abin da kuka fi ni sani, don ba ku kaɗai za ku karanta ba.

A Ingila ta ƙarni na 19, masu sabulu da masu gilashi da masaƙu sun buƙaci soda fiye da abin da tokar itace da ta ciyawar teku za ta iya ba su. Wani Bafaranshe, Nicolas Leblanc, ya riga ya samo hanya tun 1791: a dafa gishiri da ruwan batir, a ɗauki abin da ya fito a gasa shi da kwal da dutsen nan da ake siminti da shi. Soda tana fita, amma hayaƙin asid ma yana fita, ya bi iska ya sauka a gonaki ya ƙone shuka, ya busar da itatuwa. Mutanen garuruwa irin su Widnes da St Helens sun ɗanɗana kuɗarsu. Maganin abin kuwa sananne ne, domin tun 1836 William Gossage ya nuna cewa idan aka gina hasumiya aka cika ta da gawayi, ruwa na tsiyaya daga sama hayaƙi na hawa daga ƙasa, ruwan zai shanye asid ɗin. Masu masana'antu da yawa ba su damu ba, tunda ba gonarsu ke ƙonewa ba. Sai a 1863 majalisa ta kafa dokar da ta tilasta musu kama kashi 95 cikin 100 na hayaƙin, ta kuma naɗa sufetocin da za su riƙa zagayawa suna aunawa. Daga baya asid ɗin da ake zubarwa ya zama abin da ake fitar da kulorin daga cikinsa a yi hodar wanke tufafi, wato dattin jiya ya koma haja.

Ɗaya daga cikin waɗannan sufetoci shi ne George E. Davis. A taƙaice duba-gari ne, sai dai na masana'antu. Aikinsa ya sa yau yana gidan soda, gobe gidan asid, jibi inda ake tatsar kwalta, kuma kowane mai gida yana ɓoye aikinsa yana ganin sirrinsa ba irin na kowa ba ne. Davis da ya ga ɗakuna da yawa sai ya lura duk abu ɗaya suke yi: niƙa, gauraya, dumama, sanyaya, tacewa, ƙafe ruwa, busarwa, raba ruwa biyu ta hanyar tururi, tura ruwa a bututu. Kayan da ke cikin tukunyar ne kawai suka bambanta. A 1887 ya gabatar da laccoci 12 a makarantar fasaha ta Manchester a kan haka, a 1901 ya fitar da littafin jagora na fannin. A Amurka kuwa Lewis Norton ya buɗe kwas na shekara huɗu a jami'ar fasaha ta MIT a 1888, a 1915 kuma Arthur D. Little ya tsara tunanin nan na cewa kowace masana'anta jerin 'yan ayyukan tushe ce da aka ɗaura wani bayan wani. Ƙungiyar injiniyoyin Amurka ta kafu a 1908, ta Birtaniya a 1922. Abin da nake so ɗalibi ya riƙe a nan shi ne Davis, mutumin da muke kira uban fannin, da ƙafarsa ya tattara iliminsa, yana shaƙar wari yana rubutu.

Labarin da ya fi kowanne dacewa da aji, a ganina, shi ne na takin zamani. A 1909 Fritz Haber ya nuna wa mutanen kamfanin sinadarai na BASF da ke Jamus wata na'ura da ba ta wuce a ɗora a tebur ba, tana haɗa naitirojin na iska da haidirojin, amoniya, wadda ake yin taki da ita, na sauka ɗigo-ɗigo. Ilimin kimiyyar ya kammala a ranar. Amma na'urar tana aiki ne da matsi kusan ninki 200 na iskar da muke shaƙa da zafi wajen digiri 500, kuma abin da ke hanzarta haɗuwar, wato katalis, ƙarfen osmiyom ne wanda duk duniya ba shi da yawa. Aka miƙa wa Carl Bosch aikin. Bututan ƙarfen da ya fara ginawa ba sa yin kwanaki sai su tsage. Ya sa aka yanka ƙarfen aka duba, sai ya ga haidirojin ne ke kutsawa cikinsa yana cinye kabon ɗin da ke ba shi ƙarfi, ya bar shi da gautsi. Dabarar da ya yi ita ce ya sa rigar ciki ta tattausan ƙarfe marar kabon, ya rufe da ƙaƙƙarfan ƙarfe daga waje, sannan ya huhhuda na wajen da ƙananan ramuka domin ɗan haidirojin da ya ratso ya samu hanyar fita. A gefe guda Alwin Mittasch da yaransa suka yi dubban gwaje-gwaje har suka dace da katalis na baƙin ƙarfe mai arha. A 1913 masana'antar BASF da ke garin Oppau ta fara aiki, tana fitar da tan 30 a rana. Shekara huɗu ke nan tsakanin tebur da masana'anta, kuma waɗannan shekaru huɗu su ne injiniyancin sinadarai. Duk buhun yuriya da manomin Funtuwa ko na Saminaka ya saɓa a kafaɗa, daga ramukan Bosch ya fito. (Haber ɗin nan dai shi ne ya jagoranci sakin iskar guba a fagen yaƙi a Ypres a 1915. Wannan ma a faɗa wa yara, kada a ba su rabin mutum.)

Haka penisilin. Fleming ya gano shi a 1928, amma a 1941 majiyyacin farko da likitocin Oxford suka gwada wa, wani ɗan sanda, ya fara samun sauƙi sai maganin ya ƙare, duk da har daga fitsarinsa suke sake tatso shi, ya rasu. Abin da ya canza lamarin shi ne koyon rainon funfunar da ke samar da maganin a cikin manyan tankuna masu zurfi, ana hura mata iska mai tsabta ana juyawa. A 1944 kamfanin Pfizer, wanda sunansa ke da ɗaci a bakin Kanawa tun gwajin maganin sanƙarau na 1996, ya buɗe irin wannan masana'anta a wata tsohuwar ma'aikatar ƙanƙara a Brooklyn, kafin tsakiyar shekarar kuma an tara wa sojojin ƙawance na yaƙin duniya na biyu allurai sama da miliyan biyu.

To me ya sa abin da ya yi a kwalba yake ƙi a tanki? Na ga amsar da idona a wurin aikina. Wani ɗalibinku, yaro mai natsuwa, ya gwada haɗin sabulu a ƙaramin kofin gilashi ya fito sumul. Ya ninka awon daidai, babu kuskure ko ɗaya a takardarsa, ya nufi babbar tukunya zai juye ruwan sodar gaba ɗaya. Dattijon da ke kula da tukunyar, wanda ko firamare bai shiga ba, ya riƙe masa hannu ya ce, "Yaro, a hankali, wannan ba ta son gaggawa." Ya karɓi bokitin yana zubawa kaɗan-kaɗan, yana juyawa da muciya, yana kallon yadda kumfar ke tasowa a gefe, ga bokitin ruwan sanyi ajiye kusa da ƙafarsa. Ko da hakan sai da haɗin ya kumburo har kusa da baki kafin ya kwanta. Da an juye a lokaci guda, da ya yi ambaliya a kan ƙafafunsu. Da yamma na zaunar da yaron na ce ya lissafa mini: in ka ninka tsawo da faɗi da zurfin tukunya sau 10, abin da take ci ya ninku sau nawa? Ya ce 1,000. Jikinta da zafi ke fita ta nan fa? Ya yi shiru, sannan ya ce 100. Ya san wannan tun aji biyu, har ya ci jarrabawa a kansa. Bai taɓa tsayawa gaban tukunyar da za ta nuna masa ba ne. Shi kuma dattijon ya san abin a hannunsa, amma ba zai iya gaya maka girman tukunyar da za ta fi ƙarfin dabararsa ba. Kowannensu yana riƙe da rabi, kuma aikinku ne ku haɗa su.

Kada wani ya ce wannan tarihin Turawa ne, bai shafe mu ba. Ya shafe mu, har ya ci mana kasuwa. Lokacin da Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne saƙa da rini, da yadda tufafin Kano ke ratsa Sahara. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, masana'antar sinadarai ce cikakkiya. A zuba ruwa a rijiyar rini, a sa shuni da toka da katsi, a bar shi ya ruɓa ana motsawa har ya nuna. Ruɓewar ce ke sa shunin ya narke ya kama zare, shi ya sa ƙyalle ke fitowa da launin kore-kore, sai ya sha iska ya koma shuɗi a gaban idonka. In ruwan ya mutu a kwashe laka a busar a ƙone, a sake mayar da ita aiki. Marini yana gane ruwansa ya yi daga wari da kalar kumfa. Amma a Jamus Adolf von Baeyer ya haɗa shuni a ɗakin gwaji a 1880, BASF ta kwashe shekara 17 da kuɗin Jamus mak miliyan 18 tana neman yadda za ta yi shi da yawa da arha, ta fito da shi kasuwa a 1897. Kafin yaƙin duniya na farko noman baba a Indiya ya durƙushe, mu ma a hankali guguwar ta iso mu. Marinanmu ba su gaza Jamusawa sanin shuni ba. Abin da ba su samu ba shi ne wanda zai tsaya kusa da su da ma'auni da alƙalami. Yau yawancin masu rini hodar kanti da soda suke amfani da su, ruwan kuma a lambatu yake ƙarewa.

Da muka samu 'yanci sai muka shiga fannin ta ƙofar saye. Matatar Fatakwal ta farko a 1965, ta Warri a 1978, ta Kaduna a 1980 wadda kamfanin Chiyoda na Japan ya gina, sai Fatakwal ta biyu a 1989, jimillarsu ganga 445,000 a rana a takarda. An yi kamfanin takin sufa a Kaduna, an yi na yuriya a Onne, an yi siminti a Sakkwato da Ashaka. Maƙwabtanmu na Nijar sun buɗe matatar Soraz kusa da Damagaram a 2011, mai ganga 20,000, da hannun 'yan Sin. Yanzu ga ta Dangote a Lekki mai ganga 650,000. Ban raina ko ɗaya ba, kuma na san injiniyoyinmu da suka riƙe waɗannan wurare da ƙwarewa a cikin mawuyacin hali. Amma kusan duka a waje aka zana su, aka ƙero, aka kawo aka ɗaura, aka miƙa mana makulli. Mun gaji tanki ba mu bi hanyar da ake bi a kai gare shi ba. Shi ya sa manhajarmu ta karkata ga shirya yaro ya zama mai kula da injin wani, shi ya sa kuma da matatar Kaduna ta yi shekaru a kwance, ɗaliban Arewa suka rasa ma inda za su je su ga hasumiyar tace mai tana aiki. Yaro ya gama digiri burinsa ɗaya, kamfanin mai. In bai samu ba ya koma sayar da data yana cewa karatunsa bai yi rana ba.

Ku shiga ɗakin ajiye kundayen digiri na kowane sashenku ku duba. Man dizal daga 'ya'yan bini-da-zugu. Gawayin tace ruwa daga ɓawon gyaɗa. Man darbejiya. Sitaci daga rogo. Alif daga farar ƙasar Ƙanƙara, wadda aka daɗe ana bincike a kanta a Zariya, har da ƙoƙarin fitar da katalis ɗin matatar mai daga cikinta. Ayyuka ne masu kyau, wasu an maimaita su ya fi a ƙirga, kowanne ya tsaya a giram 50 ko rabin lita, ya rufe da shawarar cewa a faɗaɗa binciken nan gaba. Wa zai faɗaɗa? A halin nan hukumomin ruwa na sayen alif da kuɗi masu yawa, ni kuma da ke sabulu sodar da nake amfani da ita daga jirgin ruwa take saukowa. Mun tara Haber da yawa, ranku ya daɗe. Bosch ne ba mu yaye ba, kuma tsarin ƙarin girma da ke kirga takardun da malami ya wallafa, bai tambayar ko ya taɓa cika duro ɗaya da abin da ya gano, ba zai taɓa yaye shi ba.

Akwai ɓangaren tarihin da ya fi wannan nauyi. Oppau ɗin da na yaba, a 1921 rumbun takinta ya fashe ya kashe mutum sama da 500. A Bhopal ta Indiya, daren 2 ga Disamba 1984, ruwa ya shiga tankin wani sinadarin maganin ƙwari a masana'antar Union Carbide, zafi ya taso, iskar guba ta bi unguwannin talakawa suna barci, dubbai suka mutu. Dokokin kariya da kuke koyarwa a zango ɗaya, yara na haddacewa don jarrabawa, kowace da gawarwakin da aka binne kafin a rubuta ta.

Namu Bhopal ɗin ba a masana'anta ya faru ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, yara sama da 400 suka mutu da gubar dalma. Dutsen zinariya ake kawowa cikin gida, a daka, a niƙa a busasshe da irin injin da ake niƙa hatsi, ƙura ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. A 2015 abin ya sake faruwa a jihar Neja. Ku dubi abin da idon Davis: niƙa ce, da wankewa, da rabewa, da ƙona zaiba a fili don a fitar da zinariyar. Ayyukan tushe ne da ke babin farko na littattafanku. Niƙa da ruwa maimakon a busasshe tana kashe ƙura. Fitar da aikin daga cikin gida yana raba shi da yara. Ɗan murfin ƙarfe mai bututu, wanda kowane mai walda zai iya ƙerawa, yana kama tururin zaiba ya mayar da ita ruwa a sake amfani da ita, mai haƙar ma ya rage asara. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun zo sun yi magani, wasu sun kankare ƙasar gidaje. Ina tambaya da ladabi: mu da aka koya wa niƙa da rabewa a matsayin sana'a, ina muke kafin abin ya faru? Haka zancen yake a Challawa da Sharaɗa da Bompai na Kano, inda ruwan jima mai sinadarin kuromiyom ya daɗe yana gangarawa rafukan da ake noman rani da su, alhali hanyar kama kuromiyom a mayar da shi cikin aiki sananniya ce, kuma mai kamfani ma riba zai ci.

Don haka ga abin da nake roƙo. Ku sa tarihin fannin a manhaja a matsayin darasi na gaske, wanda malamin da ya taɓa aiki a masana'anta zai koyar, da tsagewar bututan Bosch da tankin Bhopal da tsakar gidan Bagega a ciki, ba shafi biyu na sunaye da shekaru a makon farko ba. Ku kuma sa sharaɗi cewa wani kaso na ayyukan kammala digiri ba sabon bincike zai zama ba: a ɗauko tsohon kundi daga kan kanta, a ba ɗalibai huɗu ko biyar, a ce su kai shi duro guda, su faɗi nawa kilo ya tsaya, su faɗi inda dattin zai tafi. In ya ƙi, su rubuta dalilin da ya sa ya ƙi, a ba su makinsu cikakke.

Na san za a ce babu kuɗi, babu wuta. Gaskiya ne, ni ma da janareta nake aiki. Amma ƙaramar masana'antar gwaji ba sai kowace jami'a ta mallaki tata ba. Zariya tana da ABU, tana da cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT, Kaduna da Kano da Bauchi da Minna duk tafiyar yini ce ko ƙasa da haka. Wuri ɗaya mai boila da tankin juyawa da hasumiya da injin busarwa, wanda sassa za su riƙa karɓa bi da bi, ya fi na'urori masu tsada goma da ke lulluɓe da leda ana jiran wanda ya iya kunna su. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund da na bunƙasa fasahar man fetur na PTDF suna kashe abin da ya fi haka a gine-gine. Rabin kayan ma maƙeran Panteka a Kaduna da masu walda na Kano za su ƙera in an ba su zane mai kyau, ɗalibin da ya tsaya a kansu har suka gama kuma ya koyi abin da allo ba zai koya masa ba.

Batun SIWES kuma, ku daina ɗaukar cewa sai wanda ya samu gurbi a kamfanin mai ne ya yi na kirki. Ku tura su majema su ga yadda ake jiƙa fata da bagaruwa, ku tura su marina, da wurin masu turara shinkafa a Kura, da masu matsar mai, da masu dafa kanwa da gishiri. Su auna zafi, su auna itacen da ake ƙonawa a kan kowane buhu, su rubuta. A tara rubutun shekara biyar a ga ko ba za a samu littafin jagora na sana'o'inmu ba.

Na ƙarshe shi ne mafi sauƙi, kuma ba ya jiran kasafin kowa. Ƙungiyarku tana taro duk shekara. A taro mai zuwa ku kafa ƙaramin kwamiti na masu jin Hausa, su rubuta gajerun bayanai a kan abubuwa huɗu da ke raunata mutanenmu a wurin neman abinci: ƙurar dutsen zinariya, tururin zaiba, ruwan soda a hannun mata masu sabulu a gida, da ajiye fetur da maganin ƙwari a ɗakin kwana. A buga da boko da ajami, a kai gidajen rediyo, a ba sarakunan sana'a su raba. In kuna buƙatar wanda zai zagaya da takardun a Kano, ko ya haɗa ku da masu sabulu da marina, ku sa sunana a cikin masu hidima.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira.

Wassalam.

Naku,
Tsohon ɗalibinku, mai ƙaramar masana'antar sabulu a Kano.